Me Ya Koro Ka, Alhaji?

Ranar da na fara fita gudu da asuba, ban kai bakin titi ba mai kantin layinmu ya leƙo ya ce, "Alhaji, lafiya? Me ya koro ka?" Da gaske yake tambaya, don har da ɗaga kai yana duban bayana ko zai hango wanda ya biyo ni. A unguwa irin tamu magidanci mai shekara 44 ba ya gudu sai da dalili: gobara, ko ɓarawo, ko kuwa liman ya kusa ɗagowa daga ruku'u. Na dafa gwiwa ina haki, na ce masa tumbi ne ya koro ni. Ya yi dariya har da riƙe ciki, alhali nasa cikin bai gaza nawa ba.

Yarona ne ya jawo mini. Wani matashi yana koyar da tekwando a filin wata makarantar firamare, Asabar da Lahadi da yammacin Laraba, yaron ya kafa mini naci sai da na sa shi. Ni ne mai kai shi. Sai in sami benci a inuwar darbejiya, in sayi lemo mai sanyi, in zauna ina kallon yara suna ta shure-shure. Cikin watannin nan ne ciwon kai ya kai ni asibiti. Aka ce jini ya hau, aka ce suga yana bakin ƙofa, aka ɗora ni a sikeli ya nuna kilo 104. Likitar ba ta yi mini dogon wa'azi ba. Ta ce, "Alhaji, ko ka rage, ko mu fara rubuta maka maganin da ba a dainawa." Da mako ya zagayo, malamin tekwandon, wanda yara ke kira Masta, na kuma girme shi da kusan shekara ashirin, ya zo ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Baba, tunda kullum kana nan, ka cire takalmi mana." Na cire.

Yau shekara biyu ke nan. Sikeli yana kai da komo tsakanin 88 da 90. Mutane sukan tare ni su ce, "Wannan karetin ne ya zuge ka haka?" (A wurin mutanenmu duk wanda ya ɗaga ƙafa sama kareti yake yi.) Da farko nakan ce e, don a wuce wurin. Na daina, saboda amsar tana ɓatar da mutane. Na ga waɗanda suka shigo fili da wannan tsammani, suka yi wata biyu sikeli bai motsa ba, suka tafi suna cewa yaudara ce. Abin da na gano a jikina shi ne, a akushi ake rage ƙiba. Sai dai da wuya mutum ya jure rage akushi shi kaɗai shekara da shekaru, kuma a nan ne gudu da horon faɗa suke yin aikin da ban ga na biyunsu ba.

Wata ukun farko ban yi fashi ko sau ɗaya ba. Sau uku a mako ina fili, sau biyu ina sassarfa bayan sallar asuba. Riga takan jiƙe sharkaf har sai an matse. Da na hau sikeli sai na ga 103. Kilo ɗaya tal. Na ce ai sikelin ne ya lalace, na je wani kemis na hau nasu, ya ba ni 103 da rabi.

Ba sai an je wurin boka ba, teburin mai shayi ne. Duk ranar da aka tashi daga horo, wata irin yunwa takan kama ni wadda ban taɓa sani ba, ga shi ina ji a raina na yi abin lada. Sai in biya ta wurin mai shayin bakin titi: indomi biyu, ƙwai uku a soya mai yana ƙyalli, shayi haɗin kauri, rabin biredi a shafe da bota. In koma gida tuwon dare yana jirana, kuma kowa ya san ba a mayar wa uwargida da tuwonta.

Lissafin ba shi da wuya, daɗin ji ne ba shi da shi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Mai gudu yana ƙona kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Wato ni mai kilo ɗari da 'yan kai, in na yi kilomita 5 na ƙona wajen 500. Kafin in narkar da kilo ɗaya da gudu zalla sai na yi kilomita 77, kamar daga Kano zuwa Wudil da dawowa, shi ma da sharaɗin ban ƙara loma ɗaya a kan abin da na saba ci ba. Zama ɗaya a teburin mai shayi ya haura kalori 1,000. Robar lemo mai rabin lita tana da suga wajen giram 50, cokalin shayi goma sha biyu ke nan, kalori 200, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada sugan da babba ke ƙarawa a ci da sha ya wuce kusan wannan adadin a yini guda. Ni biyu nake sha, ranar zafi uku. Gudun kilomita biyu, sai in shanye shi a tsaye kafin a miƙo mini canji. Ko mutum mai kilo 70 da ya kammala gudun fanfalaki na Legas, kilomita 42 da ɗoriya, bai ƙona rabin kilo na kitse ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban haushi, domin jiki ba wawa ba ne. A 2012 wani masani Ba'amurke mai suna Herman Pontzer da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon awon ƙarfin da mutanen Hadza na arewacin Tanzaniya ke ƙonawa a yini. Mafarauta ne masu yawon neman saiwa da zuma, mazansu kan taka fiye da kilomita 10 kullum. An zaci za a ga sun yi wa ma'aikacin ofis fintinkau. Da aka yi la'akari da girman jiki, sai aka tarar kusan kunnen doki suke da mutanen Amurka da Turai. Masana suna ta ja-in-ja kan iyakar wannan lamari, amma ni na gan shi da idona: in ka kashe a nan, jiki yakan yi tsimi a can. Ranar da na yi gudu da safe, a kasuwa sai in ga ina aiken yaro ya ɗauko mini abin da da nakan tashi in ɗauko da kaina, da yamma kuma in kishingiɗa maimakon in taka zuwa majalisa.

Sikeli bai fara sauka ba sai da na taɓa akushi. Ban shiga wani tsari mai sunan Turanci ba. Lemo ya fita, sai ranar biki. Malmala biyu ta koma ɗaya, miya ta ƙaru, na lallaɓi uwargida ta sassauta hannu wajen zuba mai, domin babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, mu kuwa da ludayi muke zubawa. Mai shayi na koma ɗaga masa hannu daga nesa. Bayan horo sai dafaffen ƙwai, ko wake, ko kwaɗon zogale. Fura ban bar ta ba, ba kuma zan bar ta ba, suga kawai na cire mata. Cikin wata shida na sauke kilo tara, sauran suka biyo baya a hankali.

Wani abokina da na ba shi wannan labari ya ce, "Ashe da ka zauna a gida ka rage tuwo da ka huta da wahala." Ya manta sau nawa na gwada hakan a gabansa. Kowace shekara bayan azumi nakan ce daga yau na gyara, kafin Babbar Sallah na koma gidan jiya. Akwai keken motsa jiki da na saya da tsada, yana ɗakina har yau, an mayar da shi wurin rataye babbar riga.

Abin da fili ya ba ni wanda keken bai ba ni ba shi ne mutanen da za su neme ni in ban zo ba. Ranar da na yi fashi, kafin magariba Masta ya kira: "Baba, lafiya ba mu gan ka ba?" Yaro ɗan shekara goma zai tambayi ɗana ina babansa. Kunyar nan da ta so ta hana ni gudu a layi, ita ce ta dawo ta hana ni fashi. Mu mutane ne da ba mu saba yin abu mu kaɗai ba. Noma da gayya muke yi, ajiyar kuɗi ma sai mun haɗa adashi kafin ta zauna. Horon faɗa gayya ce. Garkuwar soson da ake shura sai wani ya riƙe maka, in ba ka zo ba ka bar abokin aikinka ba mai riƙe masa. Abokin nawa wani direban tanka ne da ya girme ni da shekara uku, ba ma haɗuwa ko'ina sai a fili, amma in ya tafi Fatakwal mako ya yi mini tsawo.

Sannan akwai koyo. Mai taka inji a ɗaki agogo yake kallo. A fili kuwa hankali yana kan inda za ka dasa ƙafa, da yadda za ka murza ƙugu, da kada hannu ya sauka daga fuska, sai ka ga awa guda ta wuce ba ka sani ba. Akwai lokacin da sikeli ya tsaya cak mako shida, da a gida nake ni kaɗai da a nan na ajiye. Amma a makonnin nan shurin da bai wuce gwiwa ba ya kai ƙugu, sassarfar da nake yi in tsaya sau huɗu ta koma sau ɗaya. Mutum yana samun abin ƙirgawa ban da kilo. Ranar da aka kwance mini farar ɗamara aka ɗaura mini rawaya a gaban yara wajen talatin, ɗana a sahun gaba yana murmushi don shi ya riga ni da matakai biyu, na ji daɗin da ban ji ba ranar da na sayi mota.

Daga baya ma horon ne ya riƙa tsare mini akushin. Wanda ya san gobe ƙarfe shida zai fita gudu ba ya cika cikinsa da tsire ƙarfe sha ɗaya na dare. Na yi sau ɗaya, na amayar da shi a bakin kwata, ban sake ba.

Ba ni kaɗai abin ya faru a kaina ba. A Amurka akwai wata rajista da aka buɗe a 1994, ta mutanen da suka sauke aƙalla kilo 13 suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Kusan dukkansu sun gyara cin abinci, kuma wajen tara cikin goma suna motsa jiki kimanin awa guda kullum. Saukewa kam kowa ya yi taifot ya sauke. Riƙewa ce aiki. Akwai kuma wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a can a 2002, a kan mutum fiye da 3,000 waɗanda suga ke bakin ƙofarsu kamar ni. Waɗanda aka ɗora a kan motsa jiki minti 150 a mako tare da neman rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, kamuwa da ciwon suga ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin, kashi 31. Kashi 7 na kilo 104 kilo bakwai ne da 'yan kai. Ba sai mutum ya koma sillan kara ba. Wanda ba shi da sikeli ma igiya ta ishe shi: ya auna tsawonsa, ya ninka igiyar biyu, ya zagaya ta daidai cibiya. In ba ta haɗu ba, akwai aiki a gabansa.

Sai dai akwai abin da ke ba ni tsoro a harkar nan. Matasa suna kallon bidiyon 'yan damben zamani suna zubar da kilo biyar ko bakwai cikin 'yan kwanaki kafin ranar awo, sai su ɗauka kitse ne ya narke. Ruwa ne. Ana sauka daga sikeli suke bin sa da sha, washegari ya dawo. Kuma yana kisa. A ƙarshen 1997 ɗalibai uku 'yan kokawa sun mutu a Amurka cikin 'yan makonni wajen wannan matse jiki, a Disambar 2015 kuma wani ɗan wasan faɗa ɗan China, Yang Jian Bing, mai shekara 21, ya mutu a Manila yana ƙoƙarin cika awo. Waɗannan masu ƙarfi ne da horo. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura 40, wani saurayi ya zo mana fili da baƙar leda a ƙarƙashin rigar sanyi, wai yana ƙona teɓa. Masta ya taɓa bayansa ya ji ƙarar leda, ya ce ya cire ko ya tafi gida. Gumi ba kitse ba ne. Mafi yawan kitsen da jiki ya ƙona ta numfashi yake fita. Haka nan shayin rage tumbin da ake tallatawa a waya, da yawansa gudawa yake sa mutum ko yawan fitsari, sikeli ya nuna ragi, ƙoda ta biya bashin. Ɗamarar matse ciki ba ta narkar da komai, kuma ko za ka kwanta ka tashi sau ɗari biyar kullum, jiki ba ya zaɓar kitsen tumbi ya fara da shi don ka ce.

Ni nawa gangancin a gwiwa ya fito. Wata rana, da wani kambas na gwanjo da ƙasansa ya suɗe, na ce sai na bi sahun samari a kan kwalta. Mako uku ina sallah a kan kujera. Kowane taku na gudu yana sauke wa ƙafa ninki biyu zuwa uku na nauyin mutum, sai ka lissafa na mai kilo ɗari. Da na warke sai na koma tsarin da hukumar lafiyar Ingila ke yaɗawa ga masu farawa: sassarfa minti ɗaya, tafiya minti ɗaya da rabi, a maimaita har minti ashirin, sau uku a mako, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako tara, lokacin da mutum zai iya rabin awa ba tsayawa. Mai nauyi sosai ya fara da tafiya da sauri, ba abin kunya ba ne. Mai hawan jini, ko wanda ƙirjinsa ke riƙewa in ya hau bene, ya ga likita kafin ya ga Masta. Da azumi mukan koma bayan tarawihi, ranar da hazon hunturu ya yi kauri kuma mukan haƙura da titi.

Duk wannan ya fi sauƙi a kan mutane. Da na fara faɗawa, na je gaida Hajiyata. Ta dube ni sama da ƙasa ba ta ce komai ba, sai ta ja uwargida ɗaki: "Ke, me ke damunsa? Kasuwar ce, ko ke ce ba kya ba shi abinci?" Washegari ga yaro da kwanon man shanu. Ban ga laifinta ba. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984, ya ga abin da rama ke nufi, a wurinsa tumbi rufin asiri ne. Amma mutanen zamaninta da suke cin malmala uku, da ƙafa suke zuwa gona, su yi huɗa, su ja ruwa a rijiya, matansu su yi surfe da daka. Mu muka riƙe akushin manomi muka ajiye fartanyarsa. Tafiyar da ba ta kai rabin kilomita ba sai an tari A Daidaita Sahu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, kuma ba a ƙasashen masu kuɗi kaɗai ba. Nakan ji nauyin yin wannan magana a lokacin da wasu gidaje ba sa ɗora tukunya sau uku. Sai dai abincin da ya fi araha shi ne gari da suga da mai, don haka layin masu ciwon suga a asibiti ba na Alhazai ba ne kaɗai. A gefe guda kuma ga 'yan mata suna haɗiyar ƙwayoyin sha-ka-fashe kafin biki, don kada dangin miji su ce an kawo musu tsinke.

A majalisa wani dattijo ya ce mini, "Alhaji, shure-shure dai ba ya hana mutuwa." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don maganar ta zauna. Na ce masa ban ce zai hana ba. Abin da nake gudu shi ne shekara goma a kwance, ɓarin jiki a shanye, 'ya'ya suna juya ni. Wajen ya yi tsit, domin babu wanda ba shi da irin wannan majinyaci a danginsa. Abin da ke ba ni mamaki, masu ganin gudu zubar da girma ne su ne suka fi ni sanin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta ƙara jiki suka sake ya wuce ta. Sun san ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Sun san hadisin raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Muna karantawa a wurin wa'azi, mu tashi mu nufi walima.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, me ya kai ni Koriya? Tekwando nasu ne. Judo na Japan ne, wani mai suna Jigoro Kano ya tsara shi a 1882 (ba shi da dangi a Ƙofar Mata, sunan ne kawai ya zo ɗaya). Mu ma muna da dambe, muna da kokawa, yaranmu suna da langa. Kowa ya taɓa zuwa gidan dambe ya ga jikin 'yan wasa ya san horon ba na wasa ba ne. Amma dambe ya taso ne a hannun mahauta, yana tafe da kiɗa da kirari da layu, don haka magidanci ba zai iya ce wa surukinsa ya tafi atisayen dambe ba. Ni ma ba zan ce wa mai shekara arba'in ya je a kirɓa masa hannu mai kara a ka ba. To amma tsayuwar, da shiga da fita, da naushi a buhun yashi, da riƙe-riƙen kokawa, duk ana iya koyar da su ba tare da an zubar da kowa ba. Abin da mutanen Japan da Koriya suka yi ke nan. Sun ɗauki faɗa, suka yi masa matakai da ƙa'ida da tufafi da gaisuwa, suka shigar da shi makaranta, har ya zama abin da likita da ɗan kasuwa za su yi ba tare da jin kunya ba. Mu har yau ba mu yi wa namu wannan gata ba.

Nijar ta fi mu riƙe nata. Gasar Takobi ta kokawa tana gudana tun 1975, ƙasa gaba ɗaya takan tsaya kallo. A tekwando ma Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo musu azurfa daga wasannin Olamfik na Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017, kamar yadda Chika Chukwumerije ya kawo wa Najeriya tagulla daga Beijin a 2008. Sai dai lambar yabo ta mutum ɗaya ce cikin miliyoyi. Abin da nake nema shi ne ajin da mai tumbi zai shiga ba a yi masa dariya ba.

Ko an sami ajin, ina filin? Filayen da muka buga ƙwallo muna yara sun zama shaguna da gidajen mai. Titunanmu ba su da gefen masu tafiya a ƙasa, inda aka yi kuma 'yan tireda sun kafa tebur. Filin wasa na Sani Abacha guda ɗaya ne, mai zama Rijiyar Zaki ko Hotoro ba zai hau mota biyu da asuba don ya zagaya shi ba. Amma unguwanni da yawa suna da firamare mai fili da katanga, a kulle daga la'asar har safe. Mu da muke shiga tamu, karo-karo muke yi mu ba maigadi na goro, kuma duk ranar da aka sauya shugaban makaranta sai an sake zaman lallashi. Da ƙananan hukumomi za su ce a buɗe waɗannan filaye awa ɗaya bayan asuba da awa ɗaya bayan la'asar, masu unguwanni su sa ido, da ba a kashe ko kwabo wajen gini ba. 

Ni duk wahalata dariyar mai kanti ce. Mata fa? A ajinmu akwai yara mata, wasunsu sun fi mazan zafin nama, amma da sun kai shekara sha biyu ko sha uku sai a neme su a rasa. Babu malama mace, babu lokacin da aka ware musu. Bara aka auna uwargida aka ce ita ma jininta ya fara hawa. Da muka dawo gida ta ce, "To, kai ka sami inda kake zuwa. Ni ina zan je?" Na yi shiru.

Ita ta nema wa kanta mafita. Ta sa yaro ya auna mata tsakar gida, zagaye ɗaya mita 25, arba'in kilomita guda ke nan. Bayan sallar asuba, kafin yara su tashi, takan ɗaura ɗan carbin nan na yatsa ta fara zagaye, tana kauce wa bokiti da igiyar shanya, duk zagaye goma ta juya hannu saboda jiri. Makon jiya ta kai 120. Maƙwabciyarmu ta fara shigowa, tsakar gidan ba ya ɗaukar mutum uku. Ta ce in tambayar mata Masta ko ya san wata mace mai baƙar ɗamara da za ta riƙa zuwa ko da Asabar ce kaɗai, su za su haɗa kuɗin mota. Na tambaye shi ranar Laraba. Ya ce akwai wata a Kaduna, zai nemo lambarta.